Daga Abu Jamal Zuwa Agashe: Abubuwan Ban Mamaki Kan Giya da Yunwa a Khartum da Omdurman

Duk wanda ya taɓa ratsa Sabon Garin Kano da daddare ya ga wannan, ko da bai taɓa kai kwalba baki ba: inda ƙofar mashaya take, nan mai tsire yake kafa tukubarsa. Haka yake a Jos, haka yake a Yamai, haka kuma Khartum da Omdurman suka kasance kafin watan Satumba na 1983. Giya haram ce, Musulmi ba ya ja da wannan, ni ma ba tallarta na zo yi ba. Tambayoyi biyu ne suka tsaya mini a rai. Me ya sa mai shan ta yake tashi da yunwa alhali cikinsa a cike yake? Me kuma dattawan waɗannan birane biyu suke kewa idan hira ta biyo ta kan daren zamanin da? Ga abin da na tsinto.

Ciki a cike, yunwa na ci

Giram ɗaya na barasa zalla yana ɗauke da kalori 7. Na sukari ko sitaci 4 ne kacal, kitse kaɗai ya fi ta, da 9. Babbar kwalbar giya mai mililita 600 tana kai kalori 250 ko kusa da haka. A lissafi, wanda ya sha uku ya ci tuwon dare har da ƙari. Sai dai jiki ba ya sa ta a sahun abinci. Ba ta zama a ciki ta yi nauyi, ba ta kai wa ƙwaƙwalwa labarin ƙoshi yadda tuwo yake yi, har ma takan rage sinadarin leptin, wanda aikinsa ke nan ya ce wa mutum ya isa haka, tsame hannunka.

Hanta ta ajiye aikinta

Hanta ce rumbun sukarin jiki. In mutum ya daɗe bai ci ba, ita take haɗa sabon sukari ta zuba a jini. Da barasa ta shigo sai ta ɗauke ta a matsayin guba, ta jingine sauran ayyuka ta fuskance ta. Abin da take iya narkarwa a awa guda kimanin giram 8 ne, ita kuwa babbar kwalba tana da kusan giram 24. Awa uku ke nan a kan kwalba ɗaya. A tsawon wannan lokaci sukarin jini yana iya yin ƙasa, musamman ga wanda ya sha ciki ba komai, sai jiki ya fara kiran burodi da shinkafa da duk wani abu mai maiƙo.

Ga mai ciwon sukari da ke allurar insulin abin ya wuce yunwa, yana iya kai shi ga suma. Abin tsoron shi ne alamomin faɗuwar sukari, tangaɗi da sarƙewar harshe da ruɗewa, su ne dai alamomin maye. Sai a bar bawan Allah a kwance ana cewa in ya yi barci zai wartsake.

Ɓerayen Landan

A 2017 masu bincike a Cibiyar Francis Crick da ke Landan suka yi wa ɓeraye allurar barasa kwana uku a jere. Ɓerayen suka riƙa cin abinci fiye da 'yan uwansu da ba a ba su ba. Da aka duba ƙwaƙwalwarsu sai aka tarar barasa tana kunna wasu ƙwayoyin jijiya da ake kira AgRP, waɗanda a ka'ida sai yunwa ta yi tsanani suke farkawa. Da aka kashe aikin waɗannan ƙwayoyi, haɗamar ta tsaya. Ɓera dai ba ya zuwa mashaya, ba shi da abokin da zai ce a ƙaro tsire. Ashe yunwar daga cikin kai take tasowa.

Shekara biyu kafin nan, a Jami'ar Indiyana ta Amurka, an ɗura wa mata 35 barasa ta jijiya, ko ɗanɗanonta ba su ji a harshe ba. Kusan biyu bisa ukunsu suka fi cin abinci a ranar, hoton ƙwaƙwalwa kuma ya nuna sashen da ke kula da yunwa ya ƙara zabura da jin ƙamshin abinci. Mai tsiren da ke fifita hayaƙinsa wajen ƙofa ya riga masana gane wannan.

Gishiri

Barasa tana danne sinadarin da ke sa ƙoda ta riƙe ruwa, shi ya sa mai shan ta ba ya rabuwa da makewayi. Ruwa ya fita, ƙishirwa ta zo, baki ya nemi gishiri. Masu mashayun Amurka a ƙarni na 19 sun mayar da wannan jari: abincin rana kyauta ga duk wanda ya sayi kofi guda, amma abincin duk mai gishiri ne, don a koma a sake saye.

Amma fa duk wannan labarin mai sha jefi-jefi ne. Wanda giya ta riga ta ci shi yunwar ma guduwa take yi. Cikinsa ya ƙone, ya daina marmarin abinci, ya rame yana shan kalori dubbai, jikinsa ya rasa sinadarin bitamin B1 har ƙwaƙwalwa ta taɓu.

Ƙasusuwa masu ƙyalli

Yanzu mu gangara Sudan, mu fara daga nesa. A 1980 ayarin masanin ƙasusuwa George Armelagos ya ba duniya mamaki. Ƙasusuwan mutanen Nubiya da aka tono kusa da Wadi Halfa, waɗanda suka rayu tsakanin shekara ta 350 zuwa 550 Miladiyya, suna ƙyalli rawaya-kore a ƙarƙashin fitilar bincike. Abin da ke ƙyallin tetracycline ne, maganin kashe ƙwayoyin cuta da likitancin zamani bai sani ba sai a ƙarshen shekarun 1940. Ya shiga jikinsu ne ta wani kunun hatsi mai tsami da suke jiƙawa ya yi giya, wanda ƙwayar halittar da ke samar da maganin take girma a cikinsa. An same shi har a ƙasusuwan yara ƙanana, alamar cewa a wurinsu abinci ne na kowa.

Marisa, 'yar uwar burukutu

Giyar gargajiyar Sudan sunanta marisa. Da dawa ake yin ta, kamar burukutun Zuru ko na kudancin Kaduna, kauri gare ta, ba ta kai giyar kwalba tacewa ba. Farfesa Hamid Dirar na Jami'ar Khartum, a littafinsa na 1993 kan jiƙaƙƙun abincin Sudan, ya bayyana yadda ake bin ta mataki-mataki: a bar ƙullu ya yi tsami, a soya wani kaso har ya yi duhu, a haɗa da garin tsiron dawa, a bar shi ya tashi, sannan a tace. Dusar da ta rage, mushuk, dabbobi ake ba wa.

A nan ga abin mamakin. Giyar kwalba tana jawo yunwa, marisa kuwa a ƙauyukan Darfur da Kordofan da Duwatsun Nuba a madadin abinci ake shan ta, saboda hatsin yana nan a cikinta. Manomi ya sha ƙwarya da safe ya wuni a gona. Idan aka kira nafir, wato gayya irin tamu, mai gona da marisa yake sallamar waɗanda suka zo taya shi. Ka riƙe kalmar nan nafir, mai karatu, za mu sake haɗuwa da ita.

Tuta a kan bukka

Marisa ba ta kwana. In ta wuce yininta sai ta yi tsami ta lalace. Don haka ba a sayen ta a kai gida a ɓoye a ƙarƙashin gado. Dole a taru a shanye ta ranar da ta nuna. Gidan da ake taruwar shi ne indaya, jam'insa anadi, kuma mace ce take riƙe da shi. Idan marisa ta nuna sai a ɗaga tuta a bisa gidan, mai wucewa ya gani ya sani. Leburori, masu jaki, tsofaffin sojoji, baƙin da suka zo ci-rani, nan suke zama a ji labarin gari, a san inda ake ɗaukar aiki, a yi waƙa. Abin da ya tara su shi ne saurin lalacewar abin shan.

Hani biyu, shekara 98 a tsakani

Mutane da yawa sun ɗauka Shugaba Ja'afar Numairi ne ya fara hana giya a Khartum, a 1983. Muhammad Ahmad Mahadi ya riga shi. Ya ci birnin ranar 26 ga Janairun 1885, kuma a daularsa marisa da taba duk bulala ce hukuncinsu. Halifansa Abdullahi ya mayar da Omdurman babban birni, ya ci gaba da hanin har ranar 2 ga Satumban 1898, da Turawan Ingila suka murƙushe rundunarsa a Karari.

A bayan sojojin Turawan 'yan kasuwar Girka suka shigo da kantuna, da gwangwanaye, da kwalabe. Daga nan biranen biyu suka rabu da ɗabi'a. Khartum ta zama ta Grand Hotel a bakin kogi, da Sudan Club da ba a shiga sai Bature ɗan Ingila, da kulob na Girkawa da na Siriyawa da na Armeniyawa, da gidajen rawa irin su Gordon Music Hall. Omdurman a tsallaken Farin Nilu ta tsaya a garin 'yan ƙasa: gidajen laka, babbar kasuwa, shagunan gahawa, anadi kuma a gefen gari. A nan waƙar Hakiba ta tashi a shekarun 1920, da muryoyi irin na Khalil Farah da Sarur da Karoma, a nan kuma aka buɗe gidan rediyo a 1940.

Raƙumi a jikin kwalba

Sudan ta taɓa samun kamfanin giyarta na kanta, Blue Nile Brewery, a Khartum ta Arewa, wato Bahri, tun shekarun 1950. Hoton raƙumi ne a jikin kwalbar, don haka mutane suka sa mata Abu Jamal. Dabbar da aka sani da juriyar ƙishirwa ita aka zaɓa ta tallata abin da ke ƙara ƙishirwa. Har yau in dattijon Khartum ya ce zamanin Abu Jamal, ba kwalbar kaɗai yake nufi ba, yana nufin shekarun da fam ɗin Sudan yake da daraja, albashi yana kai ƙarshen wata.

Ranar da aka shayar da Nilu

A watan Satumban 1983 Shugaba Ja'afar Numairi ya shelanta dokokin shari'a, waɗanda 'yan Sudan suke kira Dokokin Satumba. Aka kwaso kwalabe daga otal-otal da kantuna da mashayu, na miliyoyin daloli, aka tara a bakin kogi a Khartum, aka farfasa, aka tuttular a Nilu, shugaban da kansa yana wurin. Kamfanin Abu Jamal ya daina aiki. Wanda ya ga yadda Hisba ta bi ta kan kwalabe 240,000 da motar daɓe a Kano a watan Nuwamban 2013 ya ga irin hoton, sai dai Khartum ta riga mu da shekara 30. Shi Numairi bai kai shekara biyu a kan mulki bayan haka ba. A watan Afrilun 1985 zanga-zangar tsadar abinci ta yi awon gaba da shi.

Otal ɗin da ya rayu ba kwalba

Otal Acropole, a titin Zubair Pasha, wani Bagirke mai suna Panaghis Pagoulatos ne ya kafa shi a 1952, kuma iyalin suna da kantin sayar da giya a gefe. Dokar 1983 ta kashe wannan ciniki. Otal ɗin bai mutu ba. Lokacin yunwar 1984 zuwa 1985 ya zama masaukin ma'aikatan agaji da 'yan jarida, daga baya na masu tonon kayan tarihi. Shekara 40 yana cika da baƙi ba tare da an buɗe kwalbar giya a teburinsa ba, har yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya rufe ƙofarsa. Wani sunan Girka da ya tsira shi ne Pasgianos, lemon kwalbar da yaran Khartum suka taso suna sha.

Abin da ke gefen kofi

Larabawa suna kiran abin taɓawar da ake ci da abin sha mazza. Mazzar Sudan ba ta masu raunin zuciya ba ce. Akwai marara: ɗanyar hanta da huhu da tumbin rago, a wanke, a yayyanka, a zuba albasa, lemon tsami, barkono, tunkuzar gyaɗa, a ɗiga ruwan maɗaciya. Akwai 'yar uwarta umfitit. Akwai ɗanyar hantar raƙumi. Akwai kawari, farfesun ƙafa, wanda ake nema da asuba. Akwai shayya, naman da ake soyawa a kan wuta nan take, wanda kasuwar Gandahar a yammacin Omdurman ta yi suna da shi. Duba jerin da kyau: gishiri, yaji, tsami, maiƙo, nama. Daidai abin da binciken can na sama ya ce jiki zai nema.

Giyar ta tafi, kwanukan nan ba su bi ta ba. Marara a yau abincin safiyar Babbar Salla ne a gidajen malamai da 'yan kasuwa, da zarar an feɗe ragon layya. Likitoci dai suna gargaɗi a kan ɗanyen kayan ciki, kuma gargaɗinsu gaskiya ne.

Agashe namu ne

Wannan shi ne ya fi faranta mini rai. Ka je kowace unguwa a Khartum ko Omdurman bayan magariba a shekarun zaman lafiya, za ka ga hayaƙi, za ka ga an jera tsinkaye kewaye da garwashi, nama an fere shi fale-fale an birkiɗe da garin gyaɗa da yaji, ana miƙa shi da albasa da lemon tsami. Ka tambayi sunansa, Balaraben Sudan zai ce maka agashe. Saurara da kunnen Bahaushe: nama a gashe. Tsirenmu ne, da sunansa na Hausa, ko canza masa riga ba a yi ba.

Yadda ya je can labari ne na ƙafa da imani. Ɗaruruwan shekaru alhazan ƙasar Hausa suna bi ta Borno da Wadai da Darfur zuwa Bahar Maliya, tafiyar da kan ci shekaru, ana yi ana tsayawa neman guzuri. Wasu ba su ƙarasa ba, wasu sun dawo daga Makka suka yi zamansu. Bayan Turawa sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a zuwa gabas, suka kafa garin Maiwurno a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar. Aikin audugar Jazira ya ƙara jawo wasu dubbai. A Khartum kanta an daɗe ana kiran wata unguwa Ishash Fallata, wato bukkokin mutanen yamma. Waɗannan bayin Allah, da yawansu almajirai ne masu tsantseni da ba su taɓa kusantar indaya ba, su suka ba Sudan abincin darenta da ya fi kowane farin jini. An sha yi musu kallon baƙi a ƙasar da kakanninsu suka yi wa noma da gini. Amma babu wanda ya taɓa ce wa agashe baƙo.

Bush da Rigan

Abincin dare na talakan Khartum shi ne ful, wani babban wake da ake dafawa a tulun ƙarfe ya kwana a wuta. Wanda kuɗinsa bai kai na waken ba sai ya sayi romonsa, a gutsuttsura burodi a ciki, a zuba man riɗi da ɗan cuku, a taru a kan kwano ɗaya. Sunan wannan haɗi bush, kuma labarin da ke yawo a gari yana danganta sunan da George Bush babba, wanda ya ziyarci Sudan yana mataimakin shugaban Amurka a watan Maris na 1985. Dawar agajin da ta zo a yunwar 1984 zuwa 1985 kuwa Rigan aka sa mata, sunan shugaban Amurka na lokacin.

Tsiro ɗaya, hanya biyu

Tsiron dawar da ake yin marisa da shi, zirri'a, shi ne kuma tushen hilu-mur, abin shan buɗa-baki da babu gidan Sudan da ke azumi ba tare da shi ba. Ma'anar sunan zaƙi da ɗaci. Mata suna taruwa tun watan Sha'aban su toya shi fale-fale a kan faranti, su adana, in azumi ya zo a jiƙa a tace. A Babbar Salla kuma akwai sharbot, jiƙon dabino da kayan ƙamshi da ake sha don nama ya narke. Masu yin sa sun san iyakarsa: in aka bar shi ya daɗe, ya tashi daga halal ya koma wani abu. Sauran abin shan nasu duk sanannunmu ne, karkade zoɓo ne, aradeb tsamiya, gongoles kuwa kuka.

Ƙaro

Kafin yaƙi Sudan ce take samar da kusan kashi 70 cikin 100 na ƙaron da duniya ke amfani da shi. Yana shiga lemon kwalba da alewa da magunguna, masu haɗa giyar inabi a Turai ma suna zuba shi don launi ya zauna. Ko da Amurka ta ƙaƙaba wa Sudan takunkumi a 1997, ƙaro ta bar wa ƙofa.

Wanda ya biya kuɗin hanin

Rufe mashaya bai kashe sha ba, ya dai canza abin da ake sha. Marisa tana da wari, tana da yawa, ba ta ɓoyuwa. Aragi, wanda ake tatsa daga dabino, fari ne kamar ruwa, ƙarfinsa ya ninka nata sau da yawa, yana shiga 'yar gora a sa a aljihu. Shi ya gaje ta. An tashi daga abin sha mai hatsi da ake sha a taro, an koma mai ƙona ciki da ake kurɓa a ɓoye, sau da yawa ba tare da ko lomar abinci ba.

Dokar laifuka ta 1991 ta yanka wa Musulmin da ya sha bulala 40. Amma waɗanda samamen 'yan sanda, kasha, ya fi kwashewa mata ne, 'yan gudun hijirar Kudu da Duwatsun Nuba da ke zaune a bukkokin bayan gari, waɗanda ba su da wata hanyar ciyar da 'ya'ya. Shekaru da dama su ne suka cika kurkukun mata na Omdurman, wasu da goyo a baya. Mai kuɗin da ake kai wa kwalbar waje har gida ba a cika ganinsa a gaban alƙali ba. A ganina wannan ba adalci ba ne, kuma shari'ar da aka yi abin da sunanta ba ta yarda a bambanta mai ƙarfi da mara ƙarfi ba.

A watan Yunin 2011 gommai na yaran titi, waɗanda ake kira shamasha, 'ya'yan rana, suka mutu a Khartum cikin 'yan kwanaki bayan sun sha sinadarin methanol, wanda ake amfani da shi a masana'antu. Allah Ya jiƙansu.

Dokar ta sassauta, Juba ta rufe

A watan Yulin 2020, bayan faɗuwar Umar al-Bashir, Ministan Shari'a Nasruddin Abdulbari ya sanar cewa waɗanda ba Musulmi ba suna iya shan giya da sayar da ita a tsakaninsu. Ga Musulmi hanin yana nan. A Kudu kuwa, inda babu hani, kamfanin SABMiller ya buɗe masana'antar giyar White Bull a Juba a 2009, ya rufe ta a 2016 saboda rashin kuɗin waje na sayo kayan haɗi.

To me ake kewa?

Ka saurari masu ba da labarin Khartum ta shekarun 1960 da 1970. Da wuya su daɗe a kan abin da ke cikin kofi. Za su ce maka Sharhabil Ahmad, sarkin jaz na Sudan, yana kaɗa jita matarsa Zakiyya tana kaɗa tata a gefensa, shi ne kuma mai zanen barkwanci a mujallar yara ta Al-Sibyan. Za su ce maka silima marar rufi irin Coliseum, ana kallo taurari na bisa kai. Za su ce maka mutum yana tafe a ƙafa daga bakin kogi zuwa gida ƙarfe biyun dare ba wanda ya tare shi. Abin da ya kashe wannan dare bai tsaya ga 1983 ba. Juyin mulkin 1989 ya kawo dokar hana fita ta shekaru, dokar tsarin jama'a ta sa kowane biki ya tashi ƙarfe 11 na dare, gidajen silima suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Fim ɗin Suhaib Gasmelbari, Talking About Trees, wanda ya ci kyauta a Balin a 2019, labarin dattawa huɗu ne masu shirya fim da suke fafutukar sake buɗe silima guda a Omdurman, hukuma ta hana su.

Wurin zama ake kewa, inda talaka da ma'aikaci za su haɗa gwiwa a yi hira. Wannan kuwa Khartum ta sake gina shi ba tare da giya ba. Matan da ake kira sittat al-shai, masu shayi, suka jera 'yan kujeru a gindin bishiyoyi da bakin titin Nilu, da garwashi da turare da gahawar jabana mai citta. Su ma kasha ba ta ƙyale su ba, ana kwashe musu butoci da kujeru. Ɗaya daga cikinsu, Awadiyya Mahmud Koko, ta haɗa su a ƙungiya, ta karɓi lambar yabo ta jarumtar mata a Amurka a 2016, a 2019 kuma ita da matanta suka riƙa dafa wa dubban masu zaman dirshan a gaban hedikwatar soja.

Yunwar gaske

Duk yunwar da muka faro da ita ta ƙarya ce, ƙwaƙwalwa ce take kuka ciki yana cike. Wadda ta sauka a Khartum da Omdurman tun Afrilun 2023 ta gaske ce. Kasuwanni sun ƙone, miliyoyi sun bar gidajensu, a watan Agustan 2024 aka tabbatar da yunwa mai kisa a sansanin Zamzam na Darfur. Waɗanda suka rage a unguwanni, takaya ce ta riƙe su, wato tukwanen gayya da matasan Ɗakunan Agajin Gaggawa suke ɗorawa a masallatai da makarantu da tsakar gidaje, a dafa ful ko adas, kowa ya zo da kwanonsa. In ka tambaye su daga ina suka samo wannan tsari, kalma ɗaya suke faɗa: nafir. A watan Fabrairun 2025, da Amurka ta dakatar da tallafinta, sama da irin waɗannan tukwane 1,100 suka mutu.

A cikin masu bin layin nan da kwano akwai Hausawa, jikokin alhazan da suka kai agashe. Mai karatu, in kana da ɗan uwa a Omdurman ko unguwar Mayo ta Khartum ko Maiwurno, neme shi ka ji halin da yake ciki. In kuma an buɗe asusun taimakon Sudan a masallacinku ko ƙungiyarku, ka sa hannu da abin da ya sawwaƙa, ko kuɗin tsinken tsire guda ne.